Dusar ƙanƙara a kan rufin tol: a tare ta ko a bar ta ta zubo?

Mutari (Sherbrooke): Assalamu alaikum ƴan Damagaram na gida da na waje. Tambaya gare ni ga magina da masu walda na wannan zaure. Gidan da muke ciki a nan lardin Kebek na Kanada rufin tol ne, wato kwano, mai gangare biyu. Tun shigowar sanyi dusar ƙanƙara ke taruwa a sama, tana zaune lafiya lau. Jiya rana ta ɗan buɗe, sai ta ɓangaren kudu ta sulluɓo gaba ɗaya lokaci guda. Ta tafi da kwararon ruwa na bakin rufi, ta toshe ƙofar gefe da yara ke bi in za su lakwal. Allah ya sa suna cikin ɗaki. Maƙwabcina ya ce in sa ƙarafan da ke tare ta. Wani abokin aiki ya ce kul, in na tare ta rufin zai ɗauki nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Wa zan bi?

Malam Ila (Zango): Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa, ya tsare mana zuri'a.

Lawali mai walda (Sabon Gari): Taubashi, mu nan zafi ya haura digiri 40, kankana muke nema mu sanyaya maƙogwaro, kai kana kukan ƙanƙara ta yi maka yawa. Loda mana ita a jirgi, a Kasuwar Dole kafin azahar ta ƙare.

Mutari (Sherbrooke): Zo ka kwasa da kanka, shebur na jiranka. Ka dai ba ni amsa, tunda kullum cika baki kake babu ƙarfen da ya gagare ka.

Lawali mai walda (Sabon Gari): Abu mai sauƙi. Ka samu ƙarfe mai kusurwa, tsawon faɗin ƙofar da ɗan ƙari, ka kwantar da shi a bakin tol daidai saman ƙofa, a ɗiga masa walda wuri huɗu ko a ɗaure da noti. Ta saman ƙofa ta tsaya, sauran ta zube inda ta ga dama. Aikin rabin yini ne.

Injiniya Hadiza (Grenoble): Yaya Lawali, da girmanka, wannan shawara ɓata rufi take yi a ƙasashen sanyi. Bari in yi lissafin a fili kowa ya gani.

Dusar da ta sauko yanzu ba ta da nauyi sosai, mita ɗaya ta kowace fuska kan yi kilo 50 zuwa 100. Amma in ta kwana biyu ta danne kanta, ta ɗan narke ta sake daskarewa, takan kai kilo 300, in ta sha ruwan sama ta wuce haka. Tsantsar ƙanƙara kuwa ta haura kilo 900. A ce gefe ɗaya na rufin Yaya Mutari faɗinsa mita 10, daga ƙololuwa zuwa baki mita 5, dusa mai kaurin santimita 40 ta danne a kai. Kowace murabba'in mita na ɗauke da kilo 120, gefen gaba ɗaya tan 6 ke nan. In gangaren digiri 30 ne, rabin wannan nauyi ne ke tura ƙasa a kan tol, wato tan 3. In an ja shingen tare dusa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kowace mita ta shingen na tare kilo 300. To ina ga guntun ƙarfe na mita 2 shi kaɗai a saman ƙofa? Dusar a manne take da juna, faifai guda ce. In na gefe da gefe suka motsa, nauyinsu ya rataya a kan ɗan guntun, ya fizge shi, ya yage tol ɗin, sannan ya faɗo tare da ita a daidai wurin da ake son karewa.

Walda kuma a kan tol mai fenti ƙona shafen tutiyar da ke kare shi take yi, tsatsa ta shiga tun sanyin farko.

Lawali mai walda (Sabon Gari): Ƙanwata, tan 6 fa kika ce? A kan tol? Namu na nan yaro ya hau ya ɗauko ƙwallo sai ka ga ya lotsa.

Injiniya Hadiza (Grenoble): Ai tol ba shi ke ɗauka ba, katakon da ke ƙarƙashinsa ne, shi ya sa suke jera shi kusa da kusa. Damuwar maginin Zinder iskar farkon damina kada ta ɗage rufi sama. Damuwar na can kada nauyi ya danne shi ƙasa.

Baba Maman magini (Birni): Jikana ne ke rubuta mini. Ɗana Mutari, sannu da arziki. Ni ban taɓa ganin wannan dusa ba sai a talabijin, amma tambaya ɗaya zan yi: wa ya buɗe ƙofa a ƙarƙashin gangare? Mu tun muna bin iyayenmu aikin soro, abin da aka fara koya mana shi ne indararo ba ya zuba a bakin ƙofa, ba ya zuba a gidan maƙwabci. Kafin a aza azara an riga an san inda ruwa zai sauka. In an yi kuskuren nan, ƙofa ake tayarwa, ba a cewa ruwa ya tsaya a sama. Abin da aka hana sauka daga rufi, rufi ne ke biyan kuɗinsa.

Sanusi (Saguenay): Baba ya gama magana. Mutari, ni ina arewa da kai, dusarmu ta fi taku. Mutane da yawa a karkarar nan da gangan suke sa tol, don ya riƙa sauke kayansa da kansa. Dubi tsofaffin gidajen Kebek, gangarensu a miƙe yake, ba don ado ba ne. Kai ka samu rufin da ke yi maka aiki kyauta, kana so ka kashe kuɗi ka ɗaure masa hannu. A sanyin 2007 zuwa 2008 dusar da ta sauka a birnin Kebek ta wuce mita 5 in an haɗa, rufi nawa ne suka rufta a lardin? A irin wannan shekara wanda tol ɗinsa ke zubarwa shi ne mai barci da ido biyu rufe. Shawarata ka rufe ƙofar gefe daga Disamba zuwa Afrilu, yara su bi ta gaba. In kana da hali ka gina ɗan rumfa mai ƙarfi mai tsini a saman ƙofar, ya raba dusar hagu da dama. Shi ke nan.

Hajiya Barira (Innsbruck): Sanusi, kai a daji kake zaune, shi ya sa. Filin da ke gefen gidanka na wa ne? Naka. Mu nan cikin gari bakin rufi a saman hanyar masu tafiya da ƙafa yake. Dokar hanya ta Ostiriya ta ɗora wa mai gida alhakin cire dusa da ƙanƙarar da ke rataye a rufin da ke fuskantar titi. In ta faɗo wa mutum ko mota, kai za a nema. Ranar da sanyi ya sassauta za ka ga an jingina dogayen sanduna a bangon gidaje da ɗan allo, alamar a kauce, ta sama na iya zubowa. Wannan ma na wucin gadi ne, ba ya wanke mai gida. Kusan duk rufin da ke cikin gari yana da shinge a baki, wasu kuma ƴan ƙugiyoyi ne birjik a kan tayil. A ƙauyukan kan dutse har yau ana ganin gungumen icce a kwance a gicciye kan rufi. Dabarar kakanninsu ce.

Sanusi (Saguenay): Hajiya, ai Mutari ba a tsakiyar Innsbruck yake ba.

Hajiya Barira (Innsbruck): Amma yara gare shi. Ka taɓa ganin yaro ɗan shekara bakwai ya bi dokar "kada ka bi ta nan" wata huɗu cur? Ni uwa ce, ka bar ni da wannan. Kuma ba a ji tana zuwa, ba ta sallama.

Malam Ila (Zango): Jama'a, wani ya yi mini magana ta gefe, wai me ya haɗa zauren Damagaram da dusar ƙanƙara. Na ce masa ya ƙirga yaranmu da ke karatu a Aljeriya da Maroko da Turkiyya, da masu aikin gini a can. Ku ci gaba.

Habu (Sétif): Gaskiya ne Malam. Sétif ta nan Aljeriya ta haura mita 1000 a sama da teku, duk shekara muna ganinta. Abokaina da ke Ifrane ta Maroko sun fi mu ma, garin duk rufin jan tayil ne mai tsini, kuma can aka auna sanyin da ya fi kowane tsanani a Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifili, a 1935. Har Aïn Séfra da ke bakin Sahara ta sauka a 1979 da 2016 da 2018. Tambayata ga Anti Hadiza: me ke sa ta zauna wata da watanni ba ta motsa ba, sannan rana ɗaya ta taho duka?

Injiniya Hadiza (Grenoble): Muddin sanyi na ƙasa da sifili, ƙasan dusar a daskare yake da tol, ya kama shi gam. Abu biyu ke kwance wannan kamu. Na farko rana: in ta sami wani ɗan wuri da tol ya fito, ko ta ratsa dusa marar kauri, ƙarfen ya ɗauki ɗumi ya kai shi ƙarƙashin sauran. Na biyu ɗumin cikin gida da ke tserewa ta silin. Ko wanne ne, siririn ruwa ke shimfiɗuwa tsakanin tol da dusa, santsi ya samu, nauyi ya yi sauran aikin. Shi ya sa ɓangaren kudu ne ya fara zubowa a gidan Yaya Mutari, can rana ke bugawa a ƙasashen arewa. Rufin da aka yi da fallayen kwalta masu tsakuwa-tsakuwa bai cika yin haka ba saboda kaushinsa. Tol da gilashi da allunan sola su ne masu santsi.

Yanzu in koma kan Baba da Yaya Sanusi, don akwai gaskiya babba a maganarsu. Ƙa'idar lissafin nauyin dusa da muke aiki da ita a Turai, EN 1991-1-3, ta yarda a rage nauyin da ake lissafa wa rufi in gangarensa ya wuce digiri 30, har ya koma babu a digiri 60, don an san za ta zame. Amma ta ce in an sa shinge ko wani abin da ke tare ta, ba a yin wannan ragi. Ma'ana, rufin da aka lissafa bisa cewa zai zubar, in ka zo daga baya ka tare, ka canja lissafin mai ginin. Kanada da tata ƙa'idar, amma hankalin ɗaya ne. Don haka abokin aikinka bai yi ƙarya ba, Yaya. Maƙwabcinka ma bai yi ƙarya ba. Abin da zai raba gardamar yana cikin silin ɗinka: kaurin katako da tazarar da ke tsakaninsu.

Inda ban bi Yaya Sanusi ba shi ne zubarwar ba kyauta ba ce. Tana karya bututun da ke fitowa ta rufi, tana yage kwararo kamar yadda ta yi, tana fasa mitar gas in tana jikin bangon. Wanda ya fi ba ni tsoro, tarin da ta yi a gindin bango kan toshe bututun da na'urar ɗumama gida ke fitar da hayaƙi, iskar guba marar wari ta koma cikin ɗaki. Yaya, don Allah yau ɗin nan ka zagaya ka duba wannan.

Mutari (Sherbrooke): Subhanallahi, bututun a wannan bangon yake. Na fita yanzu, saura kaɗan ta kai shi. Na kwashe. Allah ya saka miki da alheri.

Lawali mai walda (Sabon Gari): To ni in ba walda, a watsa mata gishiri mana. Na ga a bidiyo suna watsawa a titi tana narkewa. In nasu ya yi tsada in aiko da kantu daga Bilma.

Sanusi (Saguenay): Lawali, kai da ka san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe? Zo ka leƙa ƙarƙashin motocinmu ka ga aikin gishirin titi. A tol zai ci fenti, ya ci kusoshi, ruwan ya sauko ya kashe ciyawa da itatuwan gindin bango.

Habu (Sétif): In haka ne a hau a kwashe da shebur kafin ta taru.

Hajiya Barira (Innsbruck): Ɗana, rufa mana asiri. Tol mai gangare da ƙanƙara a kai, ko wanda sana'arsa ke nan sai da igiya da ɗamara. A yankunan Japan masu yawan dusa, irin su Niigata da Aomori, duk sanyi sai an rasa rayuka wajen sharar rufi, galibi tsofaffi, wasu su faɗo, wasu ta zubo ta binne su. Akwai wani abin jawo dusa mai doguwar ƙota da ake aiki da shi daga ƙasa, a tsaya nesa da bango, a kula da wayar lantarki. Ba a kankarewa har tol, ana barin ɗan kauri don kada a ƙarce fenti.

Baba Maman magini (Birni): Ƴata Hadiza, to in an ce dole a tare, yaya ake yi rufin bai ci amanar mai gida ba? Ina son in ji, ko ba zan yi aikin ba.

Injiniya Hadiza (Grenoble): Baba, iri biyu ne manya. Akwai ƴan ƙananan maƙalai da ake warwatsawa a kan rufi layi-layi, na wannan layi ya faɗa tsakanin na wancan, su riƙe dusar wuri-wuri. Akwai kuma shinge na bututu biyu ko uku, ko na raga, da ake ja daga kusurwa zuwa kusurwa. Ba hana ta sauka ake yi ba har abada, ana so ta narke a hankali ta sauko da ruwa ko gutsure-gutsure.

Yadda ake kafawa ya danganta da tol ɗin. In mai tsayayyen haɗi ne, wanda aka naɗe bakin falle da falle, akwai matsi da ke cije haɗin ba tare da an huda komai ba, shi ya fi. In irin namu ne mai kusoshi a fili, dole a huda, kuma dole kusar ta shiga katako, ba tol kaɗai ba, da robar hana yoyo a ƙarƙashi. Akwai na roba da ake mannawa da gam, amma gam ɗin na son makonni na ɗumi kafin ya kama, kuma a ƙasa mai dusa irin ta Kebek ni ba zan sa yarana a ƙarƙashinsa ba. Layin farko a saman bango ake sa shi, inda rufi ke da madogara, ba a lafin da ya zarce bango ba. In gangaren dogo ne a ƙara layi na biyu ko na uku a sama, don a raba nauyin. Kuma in an sa a gefe ɗaya a yi tunanin ɗayan, don rufin da gefe guda ya yi nauyi ɗayan ba komai, shi ma wahala ce ga katako.

Baba Maman magini (Birni): Madalla. Ashe can ma aikin na komawa ga itacen da ba a gani.

Sanusi (Saguenay): Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakana. A Janairun 2006 rufin filin wasan ƙanƙara na Bad Reichenhall a Jamus ya rufta, mutum 15 suka mutu. A ƙarshen watan zauren baje koli na Katowice a Poland ya bi, mutum 65. Dusar da ta zauna ce ta yi wannan, ba wadda ta zame ba.

Injiniya Hadiza (Grenoble): Yaya Sanusi, waɗannan manyan zauruka ne masu shimfiɗaɗɗen rufi da faɗi mai yawa ba ginshiƙi a tsakiya, kuma bincike ya nuna duka biyun da lahani a ginin tun asali. Ba a auna gidan zama da su. Hukumar kula da gine-gine ta Kebek na tunatar da mutane alamomin da rufi ke bayarwa in nauyi ya yi masa yawa: ƙofofin ciki su fara cijewa, bango ya tsage, silin ya lanƙwasa, a riƙa jin ƙara baƙuwa. Wanda ya ga haka ya fitar da iyali ya kira masu kwashewa. Zamewa kuwa ba ta ba da ko ɗaya.

Mutari (Sherbrooke): Akwai wani abu kuma. A ɓangaren arewa ƙanƙara ce ke yin tsini-tsini tana rataye a baki, wasu sun kai tsawon hannu. Na ga ana sayar da wayar lantarki mai ɗumi da ake zagayawa a bakin rufi. Ita ba za ta yi maganin duka biyun ba?

Hajiya Barira (Innsbruck): Waɗannan tsinayen kuɗin wutarka ne ke ɗiga. Ɗumin ɗaki ke tserewa sama ya narkar da dusa, ruwan ya gangaro, ya iso lafin da babu ɗumi ƙarƙashinsa, ya daskare. A hankali ya yi datsi, ruwan baya ya rasa hanya ya koma ciki ta haɗin tol. Mu sai da aka ƙara abin tare ɗumi a saman silin, aka toshe kafofin da iska ke bi, aka buɗe wa ƙarƙashin rufi hanyar shan iska, sannan suka ragu. Wayar tana buɗe wa ruwa hanya a kwararo, iyakarta ke nan. Ba ta riƙe dusa.

Injiniya Hadiza (Grenoble): Ƙari a kan maganar Hajiya: wayar ɗumi a kan tol marar shinge ƙara santsi take yi, kuma in dusar ta taho da wayar za ta tafi.

Mutari (Sherbrooke): To ga inda na tsaya. Na toshe ƙofar gefe da kabad tun ɗazu, Hajiya, ba doka na kafa ba. Shinge sai bazara in rufi ya bushe, kuma sai wani masani ya shiga silin ya duba. Rumfar Sanusi ma ban yar da ita ba, zan tambayi kuɗin kowanne.

Sanusi (Saguenay): Ka tambayi kamfanin inshorarka kafin ka huda komai. Kuma ka nemi mai aikin tun Mayu, in ka bari sai Oktoba layi za ka tarar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lawali mai walda (Sabon Gari): Ƙanwata, turo mini hoton matsin nan mai cije haɗi. Da wane ƙarfe ake yinsa? In na gani sau ɗaya zan ƙera, in aika wa taubashi ya daina kuka.

Injiniya Hadiza (Grenoble): Galibi alminiyom ne, notocin kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe zai zubar da jan ruwa a kan fenti, jan ƙarfe kuma in ya haɗu da tutiya cin ta yake yi. Zan turo, amma na kasuwa an gwada su an rubuta kilo nawa kowanne ke ɗauka a kan kowane irin haɗi, naka wa zai gwada? Yaya Mutari, kafin ka kira kowa ɗauko mini hoto biyu: tol ɗin daga kusa in ga ko kusoshinsa a fili suke, da cikin silin, ka aza ma'auni a kan katako ɗaya da tsakanin biyu.

Mutari (Sherbrooke): A fili suke, ina hango su daga taga. Na silin sai gobe in Allah ya kai mu, tsani na gidan maƙwabci.